Hoton da Ke Jikin Maficin Kaka

A gidanmu na Agege, bayan layin dogo, akwai wani mafici da babu yaron da ya isa ya taɓa. Na Kaka Ladi ne, mahaifiyar babanmu, mai sana'ar ganda. A tsakiyarsa an ɗinke hoton wani mutum da babbar riga, fuskarsa ta yi fari fat, haƙora kawai ake gani. Da shi take fifita wutar babbaka idan an idar da magariba, mu kuwa mu kewaye murhun muna shaƙar ƙauri, muna jiran ta yanko mana gefen da ya yi laushi.

Ranar da na tambaye ta wane ne, sai ta harare ni. "Kai maigida, baki kamar na reza. To ku matso. Wannan ba ta Gizo ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Da ƙafarta ta zo gidan nan."

Kakanmu Malam Sule mai hoto ne. Yana da wata tsohuwar kyamara mai wuyan fata da ke naɗewa kamar zugazugin maƙera, kuma duk mahaucin da zai tafi Makka shi ke ɗaukar masa hoton fasfo. Wata rana Ɗanlami, wanda Malam Sule ya koya wa aikin da hannunsa har ya buɗe nasa shagon, ya ari kyamarar zai ɗauki biki. Tun da ya dawo da ita, duk hoton da aka wanke sai fuska ta fito da farin tabo.

Malam Sule, bawan Allah, babu abin da bai duba ba. Ya goge gilashi, ya sake fim, ya zubar da ruwan wanki ya haɗa sabo. Ya kara ta a kunne yana latsawa, ko ƙyauren idonta ne ke maƙalewa saboda laimar Ikko, ya ji tana ƙyaftawa ƙalau. Ana cikin haka wani dattijo da ta taɓa ɗauka ya rasu a Makka. Shi ke nan, Ɗanlami ya samu abin yawo da shi a kwatar mahauta: wai kyamarar Sule shan fuska take, wanda ta ɗauka ba ya dawowa.

"Mutumin da ya ci tuwona!" in ji Kaka, ta maka maficin a gwiwa. "Kakanku ya koma ko sallama aka yi ba ya fita. Aka daina gaishe shi a masallaci. Wai in bar Ɗanlami da Allah. Na ce na bar wa Allah nasa, nawa kuwa yana hannuna."

Ita 'yar masu fata ce, ta tashi tana ganin ubanta yana ɗaga fata a rana don neman inda wuƙa ta huda. Sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta buɗe bayan kyamarar, ta cusa tocila a ciki, ta miƙe wuyan. Ai kuwa sai ga haske yana tsartowa ta lungun naɗin. Ƙofofi ne a jere ras, irin na basilla. Tsufa ba ya huda fata a layi.

Ba ta liƙe ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Ta jira har shekara ta zagayo, Ɗanlami da kansa ya samu kujerar Makka. Ranar da ya tara maniyyata a bakin kwata yana ɗaukarsu hoto, sai ga Kaka da kyamarar a hannu. Ta saita su, ta ɗora yatsa.

Wayyo, gudu! Ƙattan mahauta masu kayar da bijimi suka watse, wani ya faɗa kwatami, wani ya rufe fuska da tire. Mutum ɗaya ne ya tsaya ƙyam yana washe baki, yana yi mata dariya. Ta latsa.

"Na ce, jama'a ku fito ku gani. Kowa ya gudu sai mutum ɗaya, alhali shi ma zai tafi Makka bana. Ɗanlami, kai ba ka tsoron mutuwa ne, ko kuwa ka san wanda ya huda?"

Nan ta lulluɓa wa Sarkin Fawa mayafinta, ta kunna tocila a ciki, ya ga ƙofofin da idonsa. Kafin maniyyata su dawo, shagon Ɗanlami ya zama na mai sayar da gawayi. Kakanmu kuwa bai sake ɗaukar hoton kowa ba, zuciyarsa ta riga ta karye.

Muna yara dariyar mai tire kawai muke yi. Sai da na girma na gane ba don dariya take ba mu labarin ba, mijinta take tsaya wa, ko bayan ransa. Da ciwon ajali ya kwantar da ita na roƙe ta ta yafe wa Ɗanlami, mu cire hotonsa daga maficin.

"Ya zo ya roƙa?" ta ce. "To miƙo mini maficina, zafi nake ji."