Kifayen Baban Edith

A gidan hayarmu na Kamazou ba wanda ke kiran Ishaku da sunansa. Baban Edith ake ce masa, daga baya yara suka mayar da shi Baba Kifi, shi kuma ya amsa, don mutum ne da ko ka taka masa ƙafa shi zai riga ka ba da haƙuri. Wannan hali nasa ya sha ƙona mini rai. Ni tela ce, ana ce mini Maman Vicky, kekena na bakin taga kuma ɗakina na kallon nasa, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka kawo mini ba.

Ɗan wani ƙauye ne can gefen Gwantu. Ya shigo Kaduna da ƙuruciyarsa, ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, sashen rini, ya yi ta dama launi har faratansa suka manta da fari. Da masaƙar ta rufe, abokan aikinsa wasu suka hau acaɓa, wasu suka koma noma a Kakau, wasu burkutu ta ƙarasa su. Shi ya koma gadin rana a wani shagon katako. Matarsa Asabe ta rasu 'yarsu ɗaya tilo, Edith, tana sakandare. Ya kai gawar gida, da ya dawo sai ga shi da jarka a hannu. Muka zaci zuma dangi suka ba shi, har na fara wanke kwalba. Ashe ruwan rafin bayan gidansu ne, da wasu 'yan kifaye da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da su ba.

Ya nemo tsofaffin firijai wajen masu gyara, ya kwantar da su rigingine a gindin mangwaro, ya cika da ruwan sama, ya rufe da gidan sauro don kifayen 'yan tsalle ne. Na yi masa dariya har na gaji. Amma ranar da ya ɗebo namiji ɗaya a kofin gilashi ya ɗaga a rana, dariyar ta tsaya. Bai fi ɗan yatsa tsawo ba. Jikinsa shuɗi ne mai sirkin kore, an yayyafa masa jajayen ɗigo daga kai har gindi, wutsiyarsa kuma sama da ƙasa an yi mata baki da ruwan ɗorawa, da jan layi a ciki kamar na bi da zare. Bakinsa na kallon sama, don a saman ruwa yake farautar tsutsar sauro. Macen kuwa launin ƙasa ce, ba ado ko kaɗan.

“Maman Vicky,” in ji shi, “na tsufa ina haɗa launi, ban taɓa samun wannan shuɗin ba.”

Edith ce ta gano masa sunansu. Kimiyya ta karanta a kwaleji, kanta na ja. Ta ɗauki hoton kifin a waya, ta yi ta bincike, sannan ta zauna a kan bokiti ta yi wa ubanta darasi ina ji. Ta ce yadda mutum ke da ƙabila da dangi da gida, haka masana suka tsara kifi. Babban rukuninsa Cyprinodontiformes, danginsa Nothobranchiidae, gidansu Fundulopanchax, shi kansa kuma gardneri. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce sunan ya fi mai shi tsawo. Ya gwada faɗa, harshensa ya harɗe, ya tsaya a Fundulo. Ta kuma bayyana masa abin da tun yana yaro yake gani bai gane ba: kududdufi ya ƙafe, damina ta faɗi, sai ga kifi a ciki, har tsofaffi na cewa da ruwan sama yake saukowa. Ta ce ƙwai ne mai taurin ɓawo, yakan kwanta cikin danshin taɓo makonni, ruwa na dawowa ya ƙyanƙyashe.

Shi ke nan Baba ya sami aikin yi. Sai ya sa taɓo a robar bota ya nutsar cikin firiji, kifaye su yi ƙwai a ciki, ya ɗauko ya matse ruwan, ya ɗaure a leda ya tura ƙarƙashin gado. In lokaci ya yi ya kwance, ya zuba ruwan sama, kafin ka gama cin tuwo sai ga 'yan abubuwa na motsi, ido biyu da wutsiya. Da ya yi abinsa a ɓoye da ya zauna lafiya. Amma farin ciki ba ya barinsa, sai ya kira gida duka a zo a ga ikon Allah. Aka zo aka gani, aka yi ta tafi, kowa ya koma ɗaki ya ajiye abin a ransa.

Edith ta auri Derrick, direban wani kamfanin ruwan leda, suka tare a Sabon Tasha. Shekaru suka yi ta tafiya ba haihuwa, sai ɓari da ya zo mata har sau biyu. Baba ya yi azumi har wandonsa ya daina zama. Ita kuwa uwar mijin, Maman Derrick, mace mai baki kamar reza, ta ja yarinyar zuwa wajen wani Annabi Sylvanus, mai coci a rumfar kwano da janareta mai ƙara. Rabin matan gidanmu can suke zuwa ranar Laraba, to ba sai an yi masa wahayi ba kafin ya san abin da ke ƙarƙashin gadon Baba. Ya rufe ido, ya yi rawar jiki, ya ce yana ganin wani mutum na jininta da ke sa busasshiyar ƙasa ta haihu. Ya ce 'ya'yan Edith ne ke iyo a cikin firijan nan, kowace leda da aka ɗaure kuma mahaifarta aka ɗaure.

Wata Asabar da safe Annabin da mabiyansa, har da Maman Derrick da ɗanta da Edith, suka shigo gidanmu da fararen kaya, da ganga, da buhunan gishiri, da man shafawa. Baba na tsugune yana ba kifi tsutsa. Ya miƙe yana yi musu sannu da zuwa, har yana neman benci. Maman Derrick ta ce ba zama ya kawo su ba. Ko dai ya kashe abin da hannunsa ya saki yarinya, ko Edith ta kwashe kayanta yau ta dawo ta zauna da shi da 'ya'yansu na ruwa.

Na fito da almakashi a hannu, na ce, “Ku ji tsoron Allah! Kifi ne, ƙwai yake yi kamar kaza. Edith, ba ke kika karanta mana a waya ba? Buɗe baki ki faɗa musu mana!”

“Madam, mind your business,” in ji Annabin. “Ko ke ma kina ciki ne?”

Mata suka yi caa a kaina. Edith kuwa tana tsaye bayan mijinta, ta rame, idonta a ƙasa. Ta san gaskiya fiye da duk wanda ke tsakar gidan, kuma na gani a fuskarta cewa ta sani. Baba ya dube ta, ya ce a hankali, “Edith, ke ma haka kike gani?”

“Daddy, abeg,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Ka yi kawai. Na gaji.”

Ya yaye gidan sauron da kansa, ya ɗauki buhun gishiri ya juye a firijan, Annabin na bin bayansa yana tsiyaya mai. Kifayen suka haukace. Suka yi ta tsalle suna faɗowa ƙasa, kajin mai gida suka rugo suna tsincewa, mata na waƙa suna cewa ga aljanu na gudu. Aka shiga ɗakinsa aka ɗage katifa, aka jawo ledojin, aka tara, aka zuba kananzir. Taɓo mai danshi ba ya cin wuta da sauri, kowa ya san haka, amma Annabin ya ce a dubi yadda abin ke gardama, aka ƙara ihu. Sannan suka sa dattijon nan ya durƙusa a gaban 'yarsa, a gaban yaran da yake saya wa alewa, ya ce, “Na sake ki.” Suka ce ba su ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi. Da suka watse ya ɗauki tsintsiya ya share tsakar gida, don kada mai gida ya yi faɗa.

Daga ranar aka hana yara zuwa ƙofarsa. In ya ɗebi ruwa a rijiya, mai bi masa sai ta wanke gugan. A cocinsa na asali, inda ya tsufa yana share benci, dattawa suka kira shi suka ce su kam ba su yarda da zancen ba, amma ya ɗan dakata da cin jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki, don zaman lafiya. Na fi jin haushin waɗannan a kan Annabin. Duk da haka kullum da asuba ina jin muryarsa ta taga yana roƙon Allah ya ba Edith haihuwa. Wata rana na kasa haƙuri, na tare shi a bakin rijiya.

“Baba, ka san in ta sami ciki yanzu ka gama? Za a ce maganar Annabi ta tabbata. Har ka mutu maye ne sunanka.”

“Na sani,” ya ce. “Ta samu dai.”

Ba a daɗe ba kuwa ta samu, kuma wannan karon ya zauna. Akwai wani likita da take gani a ɓoye, amma ba wanda ya ambace shi. Maman Derrick ta hau mumbari ta ba da shaida, aka ɗauka a waya, bidiyon ya zaga Kamazou da Sabon Tasha, an haɗa shi da wanda wani ya ɗauka ranar da Baba ya durƙusa. Ranar da labarin cikin ya iso gidanmu na ga mutumin nan ya yi rawa shi kaɗai a ƙofar ɗakinsa, mata na leƙe ta labule suna cewa kunya ce ta taɓa masa kai.

Namiji ta haifa. Aka aiko wa Baba cewa kada ya zo asibiti, kada ya zo gida, kada ya aiko da ko sabulu, don hannunsa bai gama tsarkaka ba. Ni aka kawo wa ɗinkin ankon miƙa yaro a coci. Na so in ƙi, shi ya roƙe ni in karɓa, ya ce in na je in gano masa yaron.

Na je. Aka yi waƙa, aka ci shinkafa, Edith ta ba ni jaririn na riƙe, ta buɗe baki kamar za ta tambaye ni wani abu, sai surukarta ta matso, ta fasa. Da yamma na dawo na tarar da Baba zaune a kan dutse bakin ƙofar gida, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya yi aski, kamar shi ma an gayyace shi. Ya miƙe tun ina nesa.

“Yaya yake? Lafiyayye? Yana shan nono?”

Na ce lafiyayye ne, ƙato, ga gashi. Ya ce in faɗa masa komai, kada in tsallake. Na faɗa masa yatsu, na faɗa masa kumatu. Sannan don in faranta masa rai na faɗi abin da na gani tun da aka buɗe zanen.

“Baba, kai ya ɗauko sak. Goshinka, hancinka, har wannan ɗan lanƙwasar ta kunnenka ta hagu. Ko makaho ya shafa ya san jikanka ne.”

Fuskarsa ta buɗe, na ga haƙoransa duka. Sai murmushin ya tsaya. Ya waiga dama da hagu, ya dubi tagogin gidan, ya matso har ina jin numfashinsa.

“Akwai wanda ya lura ban da ke?”

Na ce ban ji kowa ya faɗa ba.

“To don Allah, Maman Vicky, kada ki faɗa wa kowa. In an tambaye ki, ki ce da ubansa yake kama. Kada su ce na shiga jikin yaron.”