Allurar Biri, Cinyata ke Kumbura

Jama'a, wallahi wannan a kaina ya faru, shekarun da nake shara a wani sito da ke Khumra a Jidda, inda aka mayar da shi wurin gwajin allurar rigakafin ƙanjamau a kan 'ya'yan birai. Aikina wanke keji da ba su madara, ban taɓa riƙe sirinji ba.

Akwai wani ƙarami mai yagaggen kunne, in na kawo madara sai ya riƙe yatsana. Ranar da aka fara yi masa allura a cinyar hagu, ina can waje ina zubar da shara na ji tsirit a tawa cinyar, na duba, ga ɗigon jini, kafin la'asar ta kumbura. Na tafi wajen likitar wurin, wata Bahaushiyar Sudan, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ya ammi, baba, sauro ne, halas, shi ke nan."

Sauro ta cikin wandon kaki? Haba.

Haka aka yi ta yi, a soki biri ni in yi ɗingishi, ga tsoro, don in ƙanjamau ɗin ne iƙamata, takardar izinin zamana, ta tafi, sai jirgin gida. Aka gwada jinina, lafiya lau. Ranar hutuna ina unguwar Ruwais da rana tsaka ina cin shinkafa na sake jin tsirit ɗin, na kira likitar, ta ce yanzun nan ta zare allurar, kuma in daina damun ta. Ranar da suka sa shi barci don ɗibar jini kuwa, a tsaye na zube cikin sahun azahar, kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya ce ƙwaya nake sha. Ni da jikoki!

Da gwajin ya ƙare na tambaye ta me ake yi da biran. Ta ci gaba da aikinta. Na ce, "Dakta, don Allah, in kun yanka shi ni fa?" Sai ta ce za ta sa shi cikin waɗanda za a tura wata ƙasa mai sanyi.

Na bar aikin. Amma har yau, cikin zafin Jidda, wani lokaci sai in kama rawar sanyi, tafin hannuna yana warin ƙarfen keji. Mutum da girmansa, kullum bayan sallah ina roƙa wa biri tsawon rai. In neman abinci ya kai ku irin wurin nan, ku yi shararku ku fita, kada ku tsaya sabo da abin da ke cikin keji.