Goshin Sanyi da Rabin Gaisuwa

Ni da kaina na koya wa 'yata ɓoye mini gaskiya, kuma sai da na sha wahala kafin ta iya.

Tana da shekara shida muka je sallar Idi a nan Greensboro, a Amurka. Bayan an idar, wani dattijo ɗan garinmu ya sunkuya ya ce mata, "'Yan mata, an tashi lafiya?" Yarinya ta ɗaga kai ta zayyana masa da Turanci cewa ba ta tashi lafiya ba: cikinta na ciwo, takalminta ya matse ta, kuma Baba da Mama sun yi faɗa a mota. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga ranar na ɗaura ɗamara. Kullum kafin in kai ta makaranta sai na tsayar da ita a bakin ƙofa. Kin tashi lafiya? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya sanyi? Lokacinsa ne. In ta fara wani bayani sai in ɗaga mata yatsa. Uwarta ta ce in bi a hankali, na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kuwa tanƙwaru. Kafin ta gama firamare, duk gidan sunan da muka je da ita ake ba sauran yara misali.

Abin da ban lissafa ba shi ne yarinyar za ta girma ta zaɓi aikin jirgin ruwa. Ni ɗan tudu ne gaba da baya. Ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan unguwarmu, inda ake ɗibar ƙasar gini. Garin da na zauna a Amurka ma sai ka yi tuƙin fiye da awa uku kafin ka ga teku. Duk da haka ga ta a ɗakin tuƙi na wani jirgin dakon kaya, tana zirga-zirga tsakanin kudancin Amurka da ƙasashen tekun Karibiyan. Na rarrashi kaina da cewa ai ƙasashen zafi ne. A tunanina, inda akwai rana da bishiyar kwakwa, ruwa ma a kwance yake kamar a hotunan da take turo mana.

Wanda ya rusa mini wannan kwanciyar hankali abokin aikina ne a wani sito da ke gefen titin Wendover, inda nake tuƙa motar ɗaga kaya. Mutumin Meziko ne, tsohon masunci. Wata rana a watan Janairu gari ya yi ɗumi, iska mai laushi tana busowa daga kudu, duk muka cire rigunan sanyi. Na ce masa yau kam Allah ya tuna da 'yan Afirka. Ya dubi sama ya ce a garinsu, in irin wannan iskar ta taso a irin wannan lokacin, jan kwale-kwale ake yi zuwa tudu.

Ya ciro wayarsa ya nuna mini taswirar yanayi. Ga wani shuɗin layi mai haƙora kamar zarto, kansa yana dab da mu, jelarsa kuma ta miƙe har cikin tekun Meziko. Ya ce bayan layin nan iska ce mai sanyi daga Kanada, tana turo mai ɗumi gaba. Ɗumin da nake murna da shi ɗan aikenta ne. Idan layin ya iso teku, sai a yi hadari, iska ta juya ta koma busowa daga arewa, kuma da yake ruwan can ɗumi gare shi, sai ta ƙara ƙarfi a kansa. Cikin 'yan awoyi tekun da ke kwance zai miƙe tsaye. Inda abin ya fi muni shi ne mashigar da ke tsakanin Kyuba da Meziko, domin ruwan wajen arewa yake gudu, iska kuma kudu ta nufa, sai su yi karo. Na ce ai can ba a sanyi. Ya ce, "Aboki, sanyin ƙarewa yake yi a hanya. Iskar ce ke isa."

Turawa suna da sunan da suke kiran layin, ni dai na raɗa masa goshin sanyi. Washegari kuwa sai ga shi, har ruwa ya daskare a gilashin motata.

Daga nan na zama malamin duba. Mutumin da a da bai san inda Kyuba take ba, sai ga shi yana bin jirgi a waya, ɗan ɗigo yana rarrafe a kan shuɗi. Na gane cewa in goshin sanyi ya wuce ta kanmu yau, gobe ko jibi yana wajenta. Sai in jira kiranta in ce, "Yaya ruwa?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba." Ina kallon taswira ta yi ja wur a daidai inda take, tana ce mini lafiya lau, da irin muryar nan mai ladabi da na ɓata shekaru ina gogewa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita ba ta kiran bidiyo, wai intanet ɗin jirgi ba shi da ƙarfi. Raina ya riƙa ɓaci. Na kai ƙara wajen uwarta, ta ce, "Malam, gonarka ce ta yi kyau, sai ka yi ta girbi."

Abu ɗaya dai na lura da shi: duk lokacin da layin nan ya ratsa mu, ba ta kwana biyu ba ta kira ba. Na fassara abin yadda ya yi mini daɗi. Na ce tsoro ne ke kama ta, tana son jin muryar ubanta, kunya ce kawai ta hana ta faɗa. Har wani ƙasaita murya nake yi in na ɗauka, don ta samu abin jingina.

Ni ma ina da nawa. Shekarun da na yi ina shiga da fita tsakanin sito da waje sun bar mini ciwon asma, kuma ba abin da ke tayar da shi kamar iskar nan ta bayan layi. Na kafa wa uwarta doka kada ta kuskura ta gaya mata yadda abin ya yi nisa. Mai fama da teku ba a ƙara masa kaya.

A wani watan Fabrairu aka yi goshin sanyin da ya fi ƙarfin maganin asmar da nake shaƙa. Na kwana biyu a asibiti da robar iska a hanci. Rana ta biyu bayan azahar na duba waya, na ga ɗigon nan a tsakiyar mashigar da masuncin ya faɗa, yana tafiya kamar ba ya so. Ina cikin kallo sai ga kiranta. Na yi wa uwarta alama ta yi shiru, na gyara zama.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Yaya aiki?"

"Da godiya. Yaya sanyi?"

"Lokacinsa ne. Yaya ruwa?"

"Lafiya lau."

A bayanta na ji wani abu ya ɓaro, kamar an kifar da kwandon kwanuka, sai ƙarar ƙarfe mai tsawo. A bayana kuma na'urar da aka maƙala mini a yatsa tana ta ƙara, ba ta san kara ba. Kowannenmu yana sauraron ƙaryar ɗan'uwansa.

Ita ta fara gajiya. "Baba, taswirar nan da kake dubawa, Mama ta ce kullum kana kanta. Ni aikina ne duba ta. Kafin in kalli inda muke, Greensboro nake fara kallo. Shekara uku ke nan, duk sanda layin ya wuce ku nake kira in ji numfashinka. Ina ƙirga kalma nawa kake yi kafin ka tsaya. Yau biyu-biyu kake yi."

Ashe duk ƙasaitar muryar nan da nake yi, awo ake yi mini. Kunya ta kama ni, irin ta ranar Idi. A garinmu, in an gama lafiya lau, ai zama ake yi a gyara tabarma, sannan a ce, "Sai dai fa jikin nan ya matsa." Gaisuwa ƙofa ce, daga ita ake shiga ɗaki. Ni ƙofar kawai na nuna mata, domin ni ma tun da na zo ƙasar nan ban taɓa wuce nan ba a gabanta.

Na ce, "To, mun gama gaisuwa. Yanzu ki gaya mini yadda ruwan yake."

Ta ce, "A'a, Baba. Kai ka ce babba ne ke farawa."

Uwarta ta juya fuska wajen taga, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take yi ba. Na ja numfashi iya wanda ƙirjin ya ba ni.

"Ina asibiti," na ce. "Tun jiya. Na ji tsoro."

Can na ji kwanukan sun sake gangarawa ɗaya gefen. Ta jira suka tsaya, sannan ta ce, "Ni ma, Baba. Tun asuba nake riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya. Kada ka kashe wayar."