Wa Zai Gaya Mini Awa Bayan Si Bushta?

Kai, Si Lamfaddal, shugaban asibitinmu na wankin ƙoda, kai ka sallami Si Bushta, mai kula da kwamfutocin asibiti, ana jibi azumi. Wai ritaya. Ni Hadda ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubuta mini wannan, amma na san abin da ke tafe.

Duk shekara a ƙasarmu hukuma kan ja agogo baya da awa ɗaya saboda azumi. Kwamfutocin asibiti ke raba mana layi, su turo saƙo a waya. In wata ta bi sabuwar awa, wata ta maƙale a tsohuwa, sai mutum biyu su haɗu a gado ɗaya, ɗayan ya koma gida da ruwa a ƙirji.

Si Bushta ne ke hana wannan. Da sassafe zai iso da burodi da zaitun a leda, ya tura gyara zuwa kwamfutocin duka, sannan ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi rassan asibitin ya gani da idonsa. Daga nan sai ya kira mu tsofaffi.

"Inna Hadda, Talata, ƙarfe tara."

"Tsohuwar awa ko sabuwa, ɗan nan?"

"Ke da ko agogo ba ki da shi! In Allal mai burodi ya buɗe shago, zura jallabiya ki taho."

Shekarar da aka yi masa aikin ido, ba wanda ya kira. Rkiya, abokiyar layina, ta bi saƙon waya, ta tarar an ɗora wani a na'urarta. Aka ce ta dawo jibi. Da ranar ta zo, a kujera aka ɗauko ta, tana numfashi da ƙyar. Ba ta ga Sallah ba.

Si Bushta, kai ne ka san akwai mutum a bayan kowace awa. Allah ya saka maka da alheri, ya sa masu tasowa su ɗauki halinka.

Yanzu an ce wani kamfani zai riƙa gyarawa daga Kazablanka. Sun san Allal? Sun san ba na karatu? Saƙo ya shigo wayata jiya, an karanta mini: Talata, ƙarfe tara. Ƙafafuna sun fara kumbura.

Si Lamfaddal, ko ka dawo da shi ya koya wa wani kafin ya tafi, ko ka fito ƙofar asibiti ka amsa mini da bakinka: tsohuwa ko sabuwa? In kuma aka ɗauko ni a kujera, wa zai amsa a gaban 'ya'yana?