Yadda Aka Yi Talla da Rashin Aurena a Madina

Lokacin da abin nan ya faru na ɗan haura talatin, ban taɓa aure ba, ina aiki a wani shagon abaya da turare a unguwar Aƙiƙ, nan Madina. Daga Maraɗi na zo. Abokiyar aikina wata Musulma ce 'yar China, sa'ata, ita ke tarbar alhazan ƙasarsu saboda yare. Ita ma ba ta da miji, shi ya sa jininmu ya haɗu.

A bakinta na fara jin ranar gwagware da suke yi a ƙasarsu, sha ɗaya ga watan sha ɗaya. Ta ce ɗalibai ne suka fara ta don su ci abinci tare su yi wa kansu dariya, daga baya 'yan kasuwa suka ƙwace. Ta ce a can macen da ta doshi talatin babu miji ragowa ake ce mata, kamar abincin da ya kwana, kuma mahaifiyarta kan rubuta shekarunta da tsawonta a kwali ta kai wani lambu inda iyaye ke baje kolin 'ya'yansu. Tana faɗa tana dariya, idonta na kawo ruwa.

Ashe mudir, wato mai kula da shagon, yana jinmu. Ya ce zai yi rangwame ranar, yana son ɗan bidiyo na karrama mata marasa aure. Ƙawata ta noƙe. Ni na lallashe ta, na ce ai sau ɗaya dai wani ya ga darajarmu. Muka tsaya muka ɗaga kwalaben turare muna murmushi. Da bidiyon ya fito, sai ga rubutu da Larabci a saman kawunanmu, wai kayan da suka daɗe a shago an karya farashinsu.

Wallahi har yau ban manta abin da ya biyo baya ba. Wani dattijo Bahaushe, sa'an babana, ya tako har shago yana washe baki, yana tambayata nawa sadakina ya koma bayan rangwame. Bidiyon ya isa Maraɗi. Innata ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko abin da na je yi garin Manzo ke nan. Da na tunkari mudir, ya ce wasa ne, kuma ciniki ya yi kyau. Ƙawata kuwa ta ajiye aiki ta koma gida, ko sallama ba ta yi mini ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na ɗauka cin mutuncin marar aure halin wata ƙasa ce can mai nisa, sai na tarar namu ma jira suke a buɗe musu ƙofa. 'Yan uwana mata da aure bai zo wa ba tukuna, duk wanda ya ce zai karrama ku a gaban kyamara, ku fara tambayarsa abin da yake sayarwa. Aure nufin Allah ne, amma mutuncinki ke aka bar wa tsaronsa.