Ranar da Na Rina Tsohuwar Baturiya

Shekarun baya, ban fi wata takwas da zuwa New York ba, na samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aminiyata 'yar Kumasi, wadda muke haya tare a unguwar Tremont ta Bronx, ita ta tsaya mini a kamfanin. Ranar da aka ba ni gidan farko sai ta ja ni gefe, da Hausar nan tasu ta Kumasi da ba ta raba mace da namiji.

"Sister, tsohuwan nan ya kori mutum huɗu fa. In ya kore ki, kamfani ba su ƙara ba ki wani gida. Ki yi shift ɗinki, ki kama bakinki."

Kama baki kuwa yana cikin abubuwan da Allah bai hore mini ba.

Tsohuwar Baturiya ce, ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai a Parkchester. 'Yarta takan zo ranar Asabar, ta duba firij, ta duba kwalaben magani, ta dube ni sama da ƙasa. Sati biyu aka ba ni na gwaji, kuma 'yar ce za ta ce a bar ni ko a canza ni. Ita tsohuwar ba ta zagi, ba ta faɗa. Zama kawai take a bakin taga. In na kawo shayi ta ture, in na gaishe ta ta ɗaga yatsa ɗaya.

Mu kuma a wajenmu, da wuya ka yi ta yi wa mutum hidima ba ka san ɗan gidan wane ne ba. Na daure sati guda da rabi. Ranar Alhamis ina taje mata kai, bakina ya suɓuce. Na tambaye ta sunan nan da ke jikin ƙofa, Litster, na mijinta ne? Ta ce na ubanta ne, ko da ta yi aure ba ta canza ba. Na ce to mene ne ma'anarsa?

"Ba shi da ma'ana," in ji ta. "Kakana ya zo da shi daga Ingila. Tun ina yarinya nake gyara wa mutane rubutunsa, na gaji."

Abin ya tsaya mini a rai. Suna kuma a ce ba ma'ana? Da na tashi aiki sai na biya wani laburare a wajen Grand Concourse, na rubuta wa matar da ke kan tebur sunan a takarda. Ta ɗauko wani ƙaton littafi na sunaye, ta bi da yatsa, ta yi mini bayani a hankali don ta ga Turancina da saura. Ta ce tsohuwar kalma ce ta arewacin Ingila, kuma tana nufin mai rini. A zamanin da, da sana'a ake kiran mutum, kamar yadda muke cewa gidan maƙera ko gidan wanzamai. Sana'ar ta bar gidan, sunan ya zauna, har jikoki suka manta daga inda ya fito.

Sai da na sa ta maimaita, sannan na nemi kujera.

Ni 'yar Kura ce. Mahaifina marini ne, kakana marini ne. Na tashi ina ganin hannun mahaifina shuɗi har gwiwa, ko ranar Sallah shunin ba ya fita. Ina makarantar kwana, in ya zo ziyara nakan ja shi bayan aji kada ƙawayena su ga hannun. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi mini zafi.

Washegari na tono ƙasan akwati na ɗauko turkudin da mahaifiyata ta ba ni da zan taho, wato mayafin nan na shuni mai ƙyalli, ko sau ɗaya ban taɓa yafa shi ba. Na ajiye wa tsohuwar a cinya, na ce, "Ke 'yar marina ce, ni ma haka. Wannan aikin hannun babana ne." Ta shafa shi, ta shinshina, ta yafa a kafaɗa. Ranar ba ta bar ni na huta ba. Zurfin ramin rinin nawa ne? Me ya haɗa toka da rini? Me ya sa yake ƙyalli haka? Na kwatanta mata yadda ake buga shi a kan gungume. Ta cinye abincin rana tas. Na bar mata mayafin, na hau jirgin ƙasa ina jin ba mai wayona a duk Bronx.

Abin da na manta, wanda ko yaro a Kura ya sani, shi ne turkudi na gaske yana zuba a jiki. A wajenmu ado ne, mata ma so suke ya kama fata. Ban taɓa kawo wa raina yadda zai fito a farar fata ba.

Asabar da safe, ranar yanke mini hukunci, na iso na tarar da motar asibiti a ƙofar gida. Na hau sama da gudu. Ga tsohuwa a kujera an ɗaura mata abin shaƙar iska, hannayenta shuɗi, wuyanta shuɗi, har leɓenta, saboda shinshinar da ta yi ta yi. 'Yar ta zo ta gan ta haka, ta ɗauka numfashi ne ke ɗaukewa. Tana ganina ta yo kaina.

"Me kika ba ta? Wane magani kika ba ta?"

Duk Turancin da na tara ya gudu ya bar ni. Na wuce kicin, na jiƙa tsumma da sabulu, na kama bayan hannun tsohuwar na goga. Tsumma ya yi shuɗi, fata ta fito fara sol. Ma'aikacin asibitin ya dubi tsumma, ya dubi na'urar da ya maƙala mata a yatsa, ya ce lafiyarta ƙalau. Sai ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

'Yar ba ta yi dariya ba. Ta ciro waya za ta kira kamfani. Ni dai na riga na fara tunanin da wane ido zan kalli aminiyata. Sai tsohuwar ta cire abin da ke fuskarta.

"Ajiye wayar nan. Shekara tamanin da uku ina ɗauke da sunan nan. Ba malamin makaranta, ba likita, ba ke da na haifa, ba wanda ya taɓa damuwa ya san me yake nufi. Wannan ta zo jiya-jiya ta je ta nemo mini. Mu marina ne. Ba inda za ta."

Wallahi ji na yi kamar in rangaɗa guɗa, sai dai na tuna inda nake. 'Yar ta mayar da waya jaka.

Shekara huɗu na yi a gidan nan. Abin da na koya shi ne, tsoho ba magani da abinci kaɗai yake jira ba, yana jiran wanda zai tambaye shi daga ina ya fito. Ni ma tun ranar na daina cewa mahaifina "ɗan kasuwa" ne in an tambaye ni.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne bayan motar asibitin ta tafi. Na sake jiƙa tsumma zan goge mata ɗaya hannun, sai ta janye ta ɓoye shi cikin mayafin.

"Bar wannan," in ji ta. "Gobe ina da coci. So nake su tambaye ni."