Sadakar Falke

A gidanmu na Daura, can bayan Kusugu, ba a daka ranar Lahadi bayan La'asar. Dokar Kaka ce, mahaifiyar babanmu, kuma duk wadda ta kuskura ta ɗaga taɓarya a lokacin nan sai ta gane kurenta. Lokacin ne ake sa wasan kwaikwayo a rediyo. Tun hantsi Kaka take sa ni in shanya mata batir a rana don ya ƙara ƙarfi. Da an idar da salla matan makwabta za su fara sallama, kowa da tabarmarta, su zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida su kewaye wani ɗan baƙin rediyo mai rigar fata, wanda eriyarsa ta karye tun kafin in yi wayo aka ɗaura masa waya.

Ni a lokacin na gama sakandare, ina ɗinki a shagon wani tela a bakin kasuwa. Da yake ni ne babban jikanta namiji, ni ne mijin wasanta. Ina ce mata amarya, tana ce mini miji marar cefane. Ina son tsohuwar nan ƙwarai, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba, don da na faɗa da sai ta ce yunwa nake ji.

Yanar ido ce ta rufe mata gani. Da farko ta ce kamar hayaƙi take gani, daga baya ya zama sai dai ta bambance rana da inuwa. Ta wanke da ruwan Kusugu, ta sa kwalli, ta sa zuma, har da wani garin magani da 'yar'uwarta ta aiko daga ƙauyen Babban Mutum. Da abin ya ƙi, Baba ya kai ta wajen likita, aka ce cirewa za a yi a Kano, kuma ba aiki ne mai wuya ba. Ta yarda. Ana gab da tafiya sai ta yi mafarki.

Sau ɗaya ta faɗi mafarkin, shi ma don Baba ya matsa mata ne. Ta ce ta ga an kwantar da ita a wani dogon gado, an ja ƙyalle an rufe ta har fuska, ga mutane da fararen kaya tsaye a kanta suna magana ƙasa-ƙasa.

"Wannan ba sai an kai ma malami ba," in ji ta. "In je Kano a dawo da ni a makara? Ku bar ni a ɗakina. Abin da Allah ya rubuta ma idon nan ya riga ya rubuta."

Baba ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, shi kuma bai iya ja da ita ba. Ya sunkuyar da kai ya fita, magana ta mutu.

A tsakanin nan ne aka fara wasan wani falke. Ya daɗe a fatauci, yana kan hanyar komawa gida da jakunansa sai ya iso bakin wani babban kogi. Kafin ya hau jirgin fito ya yi mafarki ruwa ya sha kansa. A ƙetare garinsu yake, ga uwarsa tsohuwa kwance tana aiko masa ya zo, shi kuwa ya kafa bukka a gaɓa ya zauna. Kowane mako mai fito zai kira, mutane su shiga su haye, falke ya kawo sabon dalili. Yau jakinsa na ɗingishi, gobe iskar ba ta yi masa ba.

Babu wanda falken nan ya ɓata wa rai kamar Kaka. Takan karkata kunne wajen rediyon, hannunta ɗaya a kan rigar fatar, tana yi masa faɗa kamar ɗan cikinta.

"Ji sakarai. Mafarki ai tofi ake yi a hagu, a nemi tsari, a ba da sadaka, mutum ya kama gabansa. Uwarka na can na jiranka kana nan kana gadin jakai."

Matan su yi ta dariya. Ni kuwa ina gefe ina cewa a raina, lallai wanzami ba ya son jarfa.

Wata Alhamis ta kira Inna, mahaifiyata, ta ce a jiƙa gero. Da safiyar Juma'a aka daka gumba da sukari, Kaka ta zauna a bakin ƙofarta tana dunƙulawa da lalube, aka kira yaran unguwa. Na tambaye ta sadakar mece ce.

"Ta falken nan ce. Tun da ba shi da mai yi mai, ni na yi."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce, "Amarya, mutumin nan fa yana can gidan rediyo, ƙila yanzu haka shayi yake sha. Ruwan da kike ji ma a daro ake kaɗa shi."

"Na san wasa ne, ba taɓuwa gare ni ba," ta ce, ba ta ko daina dunƙulawa ba. "To amma ai wani suke kwaikwayo. Duk inda yake, ta same shi."

Ganin ta buɗe ƙofa da kanta sai na yi wuf na shiga. Na ce to ita fa, da ta kafa tata bukkar a bakin hanyar Kano? Fuskarta ta canza. Ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma in tashi mata daga gaba tun ba ta laluba muciya ba. Kwana da kwanaki ba ta kira ni miji ba, sai "kai yaro". Abin ya dame ni fiye da yadda na nuna.

Ba a jima ba yayata ta haihu, aka kawo jaririn gida bayan suna. Aka ɗora wa Kaka shi a cinya. Ta bi goshinsa da yatsa, ta bi hanci, ta taɓa kunnuwa, sannan ta ɗago tana tambayar iska, "Wa ya ɗebo?" Kowa ya faɗi nasa, wasu su ce uban, wasu su ce Baba. Ta ci gaba da jijjiga shi. Ban iya tsayawa ba, na fice zaure.

Inna duk tana gani. Ita mace ce mai kunyar suruka irin ta da, tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa cin abinci a gaban Kaka ba, balle ta mayar mata da magana. Baba ya sake zuwa ya karɓo wata ranar aiki a asibiti ba da sanin Kaka ba, amma ya rasa bakin faɗa. Da labarin ya kai kunnen Kaka sai ta ce ko da za ta je, ba wannan makon ba, don ranar Lahadin tafiyar ce za a ƙare wasan falke.

Da safiyar Juma'ar makon, Kaka ta ji sautin turmi. Can sai ga Inna ta durƙusa a gabanta ta ajiye ƙwarya cike da gumba.

"Ban ce a jiƙa gero ba," in ji Kaka. "Ta wa ce wannan?"

Inna ta ce, kanta a ƙasa, "Ta wata mai mafarki ce, Iya. Ita ma ta daɗe a bakin ruwa, kuma tana da masu yi mata."

Na tsaya cak da buta a hannu, ina jiran hadari ya sauka. Kaka ta laluba ƙwaryar. Ta daɗe da hannunta a bakin ƙwaryar, har yaran da suka taru suka fara kallon juna. Sannan ta ɗebi gumbar ta dunƙula, ta miƙa hannu gaba, wani yaro ya karɓa. Haka ta yi ta yi har ƙwaryar ta ƙare. Da Baba ya dawo daga masallaci ya zo gaishe ta, sai ta ce, "Kai, motar Kanon nan da sassafe take tashi ko?"

Ranar Lahadi da za mu fita na ciro rediyon daga ƙusa zan sa a jaka. Ta ji motsin ta ce in mayar. "Bar shi nan. Kowa ya ji da nasa kogin."

Ido ɗaya aka fara yi. Da aka turo ta daga ɗakin aiki, fuska rabi a naɗe, ta laluba ta kama hannuna tana wata 'yar dariya. Ta ce, "Maigida, sun kwantar da ni a dogon gadon. Sun rufe ni da ƙyallen har fuska, ga su tsaye a kaina suna ƙus-ƙus. Mafarkin bai yi ƙarya ba, ni ce na tashi tun bai ƙare ba."

Washegari aka kwance. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, sannan ta tsaya a kaina. Rabonta da ganina tun ban fara gemu ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe wannan ne mijin? An cuce ni." 'Yan ɗakin suka kwashe da dariya, har da malamar asibitin.

Sai ta juya wajen Inna, wadda ta zo jinya, tana tsugune a gefen gado da kofi a hannu. Ta daɗe tana kallonta. Ta miƙa hannu ta taɓa gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwali.

"Yarinyar nan, yaushe kika yi furfura?"

Inna ta ajiye kofin. Ta kifa kanta a kan katifa ta yi kuka, Kaka na shafa bayanta. Ranar ce na fara ganin sun ci abinci a kwano ɗaya.

Da muka dawo Daura matan makwabta suka cika gidan da barka, kowace na rige-rigen ba ta labarin yadda falke ya ƙare. Ta ɗaga musu hannu ta ce kada wadda ta faɗa mata. In ya haye, ai ta san yadda hayewa take, in kuwa bai haye ba, ba ta son ji. Sai ta ce a ɗauko mata jaririn nan ta duba da kanta.

Har ta rasu ba ta tambaya ba, ni ma ban tambaya ba. Jaririn kuwa, ta ce duk mun yi kuskure, ita ya ɗebo.